Tambaya kan gwajin maganin tabon huhu a jikin ɓeraye

Ɗalibar Haɗa Magunguna:
Assalamu alaikum. Ina nazari kan cutar da ke sa huhu ya yi tabo ya taurare ba tare da an san sanadinta ba, wadda likitoci ke kira IPF, kuma na lura yawancin gwaje-gwaje da ɓeraye ake yin su, bayan an ɗura musu bleomycin (wani maganin cutar daji da ke jawo tabon huhu) ta maƙogwaro. Tunda magunguna da dama sun yi tasiri a jikin ɓerayen, me ya sa kaɗan ne suka kai ga marasa lafiya? Ko magungunan pirfenidone da nintedanib da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da su a 2014, rage wa cutar sauri kawai suke yi.

Mai Binciken Huhu:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da bleomycin ke haddasawa rauni ne na farat ɗaya: a makon farko kumburi ne ke mamaye huhun, tabon ya yi ƙarfi tsakanin kwana 14 zuwa 21, daga baya kuma yakan ja baya da kansa idan ɓeran matashi ne. Ita kuwa cutar mutum ta fi kama masu manyan shekaru, a hankali take ci, kuma ba ta juyawa. Babban abin da nake zargi shi ne lokacin ba da magani, domin wasu masu bincike kan fara bayarwa tun ranar da aka yi ɗurin, alhali a lokacin kumburi suke kashewa, tabon bai ma samu ba. Idan kika ɗauki rahoto, ki fara duba ko an jira mako guda ya wuce kafin a fara ba da maganin.

Malamin Jami'a:
Na yarda da Malam, sai dai bai kamata a raina wannan hanya ba, tunda magungunan biyu da kika ambata an gwada su da ita. Ki kuma lura da nau'in ɓera, domin C57BL/6 na saurin kamuwa, BALB/c kuwa na da juriya. Masu son tabo mai ɗorewa sukan maimaita ɗurin sau da yawa, ko su koma ga tsofaffin ɓeraye, ko ƙurar silika (sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu) wadda huhu ba ya iya fitarwa.

Likitan Dabbobi:
Akwai karnukan West Highland White Terrier da ke kamuwa da irin wannan cuta da kansu idan sun tsufa, amma samun isassunsu don gwaji yana da wuya.