Dogon harsashi yana shiga allo a karkace, laifin bindiga ne ko na harsashi?

Bakatsine_Minnesota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bindigar farauta .243 Winchester, murɗar cikin bututunta zagaye ɗaya ce a inci 10. Da harsashi mai giren 100 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) nake farautar barewa, bai taɓa ba ni matsala ba. Bana na sayi dogo mai siririn baki, giren 105, don ina son in fara koyon harbin nesa, yadi 500 zuwa 600. Na gwada a yadi 100, ranar sanyi ya kai digiri 20 a ma'aunin Fahrenheit. Ramukan duk sun yi tsawo, ɗaya ma a kwance harsashin ya shiga takardar. Abin da ya ɗaure mini kai, abokina a Colorado irin bindigata gare shi, irin harsashina yake harbawa, kuma nasa zagayayyu suke fita. Giren 5 kacal na ƙara, shi ne zai jawo wannan? Na auna tsawon harsashin, inci 1.23 ne.

Injiniya_Habu:
Wa alaikumus salam. Malam, bindigarka lafiyarta lau. Nauyin bai dame ta ba, tsawon ne ya fi ƙarfinta. Harsashi tamkar katantanwar da muke murzawa muna yara yake, muddin tana juyi da sauri a tsaye take, juyi na raguwa sai ta fara tangaɗi. Dogon harsashi kuwa iska ta fi samun inda za ta ture shi, don haka ya fi gajere buƙatar juyi.

Akwai tsohon lissafi na Greenhill, malamin lissafi a makarantar soja ta Woolwich a Ingila, tun 1879: ka ninka kaurin harsashi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa. Naka mai kaurin inci 0.243 ya ba da kusan inci 7.2, wato yana buƙatar murɗa mai zagaye ɗaya a inci 7.2, ba 10 ba. Amma yau mun fi amfani da na Don Miller na 2005, don shi yana faɗa maka yawan rarar da kake da ita. Ga yadda yake: 30 sau nauyi a giren, a raba da (murɗa² × kauri³ × tsawo × (1 + tsawo²)). Kauri a inci ake sa shi, murɗa da tsawo kuwa sai ka fara raba kowanne da kaurin.

Na buga naka: murɗa 41.15, tsawo 5.06, amsa 0.96. In gudunsa ƙafa 2,900 ne a daƙiƙa, zai ɗan haura zuwa 0.97. Duk abin da ya gaza 1.0 tuntsure zai yi. Daga 1.0 zuwa 1.5 yana tafiya amma da rawa, kuma Bryan Litz na kamfanin Berger ya nuna cewa ƙasa da 1.5 harsashi na asarar wani ɓangare na ƙarfin keta iska, wanda don shi ka sayi dogon tun farko. Harsashi mai giren 100 da tsawonsa bai wuce inci 1.05 ba zai ba ka kusan 1.45 a bututunka, shi ya sa tsohon bai taɓa ba ka kunya ba.

Bakatsine_Minnesota:
Na gode Injiniya. To abokina fa? In na ƙara gudu zai gyaru?

Injiniya_Habu:
Abokinka tudu ne ya rufa masa asiri. A tsayin ƙafa 6,000 ma'aunin matsin iska kusan inci 24 yake nunawa maimakon 29.92 na daidai da bakin teku, iska ta yi sako-sako, sai 0.97 ɗin ya koma wajen 1.2. Kai kuma kana ƙasa, ga sanyi ya daɗa wa iska kauri, a digiri 20 naka ya sauka kusan 0.9. Gudu kam ka cire rai, ƙara ƙafa 100 a daƙiƙa da ƙyar yake ba ka ɗaya bisa ɗari, bai kai ka wuce iyakar albarushin da littafi ya yanka ka jefa kanka cikin haɗari ba. Bututu mai zagaye ɗaya a inci 8 zai kai ka 1.5 a yanayi matsakaici, a irin sanyinku kuma wajen 1.4.

Baba_Maharbi:
Ɗana, kafin ka kashe kuɗin sabon bututu ka fara auna wanda ke hannunka, don abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake cika daidai ba. Ka cire harsashi ka tabbatar babu komai a ciki, ka sa tsumma mai matsewa a sandar goge bututu, ka liƙa ɗan salatef a jikinta, ka tura a hankali har salatef ɗin ya yi cikakken zagaye, sannan ka auna nisan da sandar ta shiga.

Abin da ya fi damuna kuwa dabbar ce. Harsashin da ke rawa ba ya buɗewa yadda aka tsara shi, yana iya kaucewa a cikin nama ya bar barewa ta gudu da rauni ta je ta mutu a daji bayan kwanaki. Wannan alhaki ne, ni ba na wasa da shi. Da yawa daga dogayen nan ma don harbin allo aka yi su, ka duba kwalin naka. Haka masu komawa harsashin tagulla zalla, kamar 'yan California da aka hana farauta da dalma tun Yulin 2019, su sani tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, harsashinta ya fi tsawo a giren iri ɗaya, sai an sauka a nauyi.

Nuwamba ta ƙarato. Ka shiga daji bana da giren 100 ɗinka da ka sani, kada ka wuce nisan da ka saba. Batun yadi 600 ka bar shi sai bazara, a filin gwaji, da bututun da ya dace.

Bakatsine_Minnesota:
Allah ya saka da alheri Baba. Na auna yanzu, inci 10 ne cif. Dogayen zan ajiye wa abokina, giren 100 zan saita ranar Asabar in Allah ya kai mu.