Musayar Waƙa: Uban Marayu da Gwauraye

Ɗan Dabai:
Salama gare ku. Ga nawa, mai ƙarfi ya karɓa.

Zabura 68 ta faɗa,
Allah uban marayu ne.
Gwauruwa in ta yi kuka da dare,
Mai share hawayenta Shi ne.
A ƙofar Nayin Yesu ya tsai da makara,
Ya mayar wa uwa ɗanta, Mai tausayi ne.

Uwar Zumunta, Ribah:
Ɗana, ka iya jera ayoyi,
Aya kaɗai ba ta cika tukunya.
'Yan bindiga sun bar mana marayu,
Ga su a Ribah, ga su a hanya.
Yakubu ya ce a ziyarce su,
Kai ka je? Faɗi, ban da kunya.

Ɗan Dabai:
Mama, na je da tiyar dawa,
Ban buga ganga ba a kasuwa.
Hagu kada ta san aikin dama,
Haka Matiyu 6 ke koyarwa.
Ku Zumunta sai an ɗinka anko
Kafin a tuna da gwauruwa.

'Yar Yauri:
Zumuntar matan ikilisiya ka taɓa? Wa ke girki a gidan makoki? Wa ke kwana da matar mamaci bayan kowa ya watse? Mama, ki ba shi amsa, muna bayanki!

Malamin Lahadi, Gusau:
Kafin Mama ta dawo. Ɗan Dabai, a baitinka na biyu, ɗangon farko gaɓa 9 ne, na Matiyu kuwa 11. Baitin yana ɗingishi.

Ɗan Dabai:
Malam, rerawa ake yi, ba ƙirgawa ba. Sa masa ganga ka ji ko zai yi ɗingishi.

Malamin Lahadi, Gusau:
Ganga tana rufa wa gurgun kari asiri ne kawai. Amsa-amon ma, "ne" sau uku ka jera a baitin farko.

'Yar Yauri:
To Malam, kawo naka mu gani. Tun da aka fara gyara kake yi, ko ɗango ɗaya ba ka ajiye ba.

Uwar Zumunta, Ribah:
Ku bar ƙirgen gaɓa, 'ya'yana,
Ku zo mu ƙirga batun gona.
Miji ya mutu, ana zaman makoki,
Ƙannensa sun iso tun da rana,
Sun kwashe rumbu, sun raba fili,
Ran Lahadi su ke ta da Hosanna.
Fitowa 22 ta gargaɗe mu,
Kukan gwauruwa ba ya kwana.
Bo'aza ya bar wa Rut kala,
Mu kuwa har kalar muke hana.

Dattijon Ikilisiya, Zuru:
Na makara, ba sabis a ƙauye. 'Yar'uwa, kin taɓa inda ke ciwo. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. An zaɓi mutum 7, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin.

Shinkafar Kirsimeti ta kwana biyu ce,
Damina kuwa wata da watanni.
Gonar gwauruwa na son gayya,
Maraya na son kuɗin makaranta a kan lokaci.

Malamin Lahadi, Gusau:
Baba, a gafarce ni, "watanni" da "lokaci" ba su haɗu sosai ba.

Ɗan Dabai:
Baba ya kira gayya, na amsa,
Asabar ina tafe da fartanya.
Mama, ki ce wa Zumunta su dama kunu,
Mu matasa mu kama kunya-kunya.
Malam, ka bar alƙalami a Gusau,
Ka zo ka ƙirga gaɓa a ƙarƙashin kanya.

Uwar Zumunta, Ribah:
Kunu namu ne. Amma Baba, gonar da ƙannen miji suka ƙwace fa? Dattawa su fara kiran su tukuna, sannan mu san wadda za a nome.