Albam mai waƙa 31 da mai waƙa 9: kunnena ne ya gaza ko su ne suka cika surutu?

Ɗan Kamba:

Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu jin kiɗan waje ce.

A kemis nake aiki a Birnin Kebbi, duk bayan mako biyu ina zuwa gida Kamba. In ka haɗa jiran mota ta cika a tasha da tsaye-tsayen hanyar Kalgo da Bunza, lokacin ya ishi mutum ya ji albam biyu har da ragi. A nan kaɗai nake samun sukunin saurare, don a shago janareton maƙwabcina ba ya barin kowa ya ji ko sallamar mai saye.

Ƙanena da ke karatu a Aliero ya zuba mini albam huɗu a memori, duk na 2024, ya kafa mini sharaɗi: daga farko har ƙarshe, ban da tsallake. Wai wanda ke tsallake waƙa bai san albam ba.

Na fara da na Taylor Swift, The Tortured Poets Department, mai waƙa 31. Jama'a, sama da awa biyu! Mun bar tasha tana waƙa, mun wuce Kalgo tana waƙa, a Bunza na sauka na sayi ƙosai na dawo, ban iya rantsewa cewa waƙar da na bari ce ko wata ce daban. Murya ɗaya, tafiya ɗaya. Na karya sharaɗin a ta ashirin.

Na Billie Eilish, Hit Me Hard and Soft, waƙa 10 ne, amma yarinyar raɗa take yi. Ƙarar injin mota ya cinye rabinta. Na The Cure kuwa, Songs of a Lost World, na zauna sama da minti uku a waƙar farko ina jiran a buɗe baki, har na ciro waya na duba ko ƙanena kiɗa zalla ya turo mini.

Sai na huɗun, Funeral for Justice na Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar. Waƙa 9, bai kai minti arba'in ba. Waƙa ta biyu ta fara can ƙasa-ƙasa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, na ɗauka iyafis ɗina ne ya mutu, na ƙure murya. Ai kuwa sai jita da ganguna suka fashe a kunnena lokaci guda, na zabura har na buge tsohon da ke gefena da gwiwar hannu. Ya ce, "Yaro, kunama ce?" Ba na jin Buzanci ko kalma ɗaya, amma sau uku na maimaita albam ɗin kafin mu shiga Kamba.

To, ni ne ban iya saurare ba, ko dogayen albam ɗin nan cika buhu da ƙaiƙayi ne? Kuma wanne zan nema a gaba?

Malama daga Argungu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi wa Billie rashin adalci, kuma laifin motar ne. Albam ɗin nan ita da yayanta Finneas suka haɗa shi, kuma da gangan ta ƙi sakin ko waƙa ɗaya kafin ranar fitowarsa, don tana so a ji shi a dunƙule. Ka jira dare, an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, ka sa iyafis biyu. Akwai waƙar da ke tafiya a hankali kamar ta gama, sai ta rikiɗe ta koma kiɗan rawa a tsakiya. A cikin mota mai ƙugi ba za ka ma lura an sauya ba.

Taylor kuma, zan yarda da kai rabi. Waƙa 16 ta fara saki, bayan awa biyu ta ƙaro 15. Ni Turanci nake koyarwa, don haka kalmomin nake bi, kuma ƙarfinta a nan yake: habaici da zambo ga tsoffin samari, layi bayan layi. Wanda bai kama zancen ba, kiɗan kaɗai ba zai riƙe shi awa biyu ba. Amma ko ni ɗin, 16 na farko nake ji, sauran sai in ina guga.

Baffa Mai Rediyo, Gusau:

Ɗana, ka ba ni dariya da maganar duba waya. Mu da muka tashi da kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ma ganin tsawon share fage. Makaɗa su kan ɗauki lokaci suna gyara kotso, kiɗa ya zauna, jama'a su natsu, sannan uban waƙa ya shigo, 'yan amshi su karɓi gindi. Ba wanda ke cewa an ɓata masa lokaci. Ku ne yaran yanzu kuke so a fara da amshi tun daƙiƙar farko.

Su The Cure ɗin nan 'yan Ingila ne, tun ƙarshen shekarun 1970 suke abu. Rabonsu da sabon albam tun 2008, shekara 16 ke nan, suka dawo da waƙa 8 kacal. Jagoransu Robert Smith yana da shekara 65 lokacin da ya fito, ya rasa uwa da uba da yayansa, kuma akwai waƙa guda da ya yi a kan rasuwar yayan nasa. Ta ƙarshe ta haura minti goma. Mutumin da zai yi maganar mutuwa ba ya shigowa da gudu. Na rasa wana shekara uku da suka wuce, kuma ranar da na ji albam ɗin a shago ina gyaran wata tsohuwar rediyo, sai da na ajiye abin liƙe waya na zauna. Kai da sauran ƙuruciya, ajiye shi, zai jira ka.

Batun ƙaiƙayi kuwa, kana da gaskiya, kuma akwai dalili. A zamanin faifai da kaset, wuri ne ke ƙayyade mawaƙi: faifan garmaho na zamani gefe ɗaya minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, dole ka zubar da waƙar da ba ta kai ba. Yanzu a Spotify da ire-irensa, manhajojin jin waƙa ta intanet, duk waƙar da aka ji ta kai daƙiƙa 30 an ƙirga ta, kuma da wannan ƙirgar ake biyan kuɗi, ita ma tana shiga lissafin wanda ya hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe. Mai waƙa 31 ya fi mai 9 yawan ƙofofin shigar kuɗi. Ko Beyoncé da ta ci kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a 2025 da Cowboy Carter, guda 27 ta jera. Ban ce babu masu kyau a ciki ba. Na ce dai ba wanda ya tilasta musu tankaɗe.

Mai tura waƙa, kasuwar Jega:

Ɗan Kamba, kai da kake bakin iyaka da Gaya ta Nijar ka bari sai ɗan makaranta ya nuna maka Mdou? Abin kunya wallahi, hhh.

Wanga mutum ai kusan namu ne. Albam nasa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba kamfani ba talla, ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka bi hamada daga waya zuwa waya, irin sana'ar da nake yi yau. Jitarsa ta fari da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke, kuma bahago ne. Yanzu kamfanin Matador na Amurka ke fitar da shi, irin kamfanonin da ba su kai manyan girma ba, waɗanda ake ce wa indi. Su huɗu ne a ƙungiyar, uku 'yan Nijar, mai jitar bas Ba'amurke.

Ka ce ba ka jin ko kalma, amma duba sunan waƙa ta uku: Takoba. Takobi ke nan. Ta biyun da ta sa ka bugi tsoho, kira ce ga Buzaye kada su bar harshensu ya ɓace. Akwai wadda ya yi wa Faransa kai tsaye. Sunan albam ɗin kansa jana'izar adalci yake nufi.

Abin da za ka nema gaba: Tears of Injustice na 2025. Waƙoƙin nan ne dai aka sake kaɗawa a sanyaye da jitar katako. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same su suna Amurka, aka rufe iyaka, suka kasa komawa gida, a nan suka ɗauke shi. Kai ka san yadda rufewar nan ta yi wa Kamba. Bayan shi ka koma Afrique Victime na 2021. In kuma kana son wanda za ka ji abin da ake faɗi, nemi Tal National na Yamai, suna haɗawa da Hausa da Zabarmanci, albam nasu Tantabara na 2018 gudunsa ya fi na direbobinku.

Su Taylor ba ni da ta cewa, ba a taɓa tambayata ita a shago ba.

Ɗan Kamba:

Na gode ƙwarai. Malama, jiya da daddare na bi shawararki, kuma na janye maganata a kan Billie, akwai abubuwa a ƙarƙashin muryar da ban san suna nan ba. Taylor dai har yanzu ina kan bakana. Baffa, Allah ya jiƙan yayanka, na bar The Cure a memori ban goge ba.

Mutumin Jega, ka ci ni. Ranar Juma'a ta Jega zan biyo ko da hanyar ta fi nisa, ka tanadar mini duka ukun. Nawa kake turawa?

Mai tura waƙa, kasuwar Jega:

Taho da memorin da ke da wuri. In ka goge mai 31 ɗin nan, duka ukun za su shiga.