Hutun Disamba a Yankari: wa ya taɓa zuwa?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maigida ya ce idan an ba yara hutun Disamba za mu tashi daga Kano mu je Yankari. Auta, an ce kwanan nan ka dawo, ka ba mu labari mana.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam Anti. Na dawo, amma har yanzu gajiya ba ta sake ni ba. Sati guda muka yi tsakanin Bauchi, Yankari da Jos. Abin da ya fi min daɗi shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa da ɗuminsa, garai-garai, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi. Ɗuminsa kusan digiri 31 ne, rani da damina. Ku shiga da sassafe kafin a cika, yara ba za su so fitowa ba.

Wahalar kuwa a hanya na sha ta. Motar haya na hau, aka cusa mu huɗu a baya, ta mace mana bayan Ningi, muka yini a gindin bishiya ana jiran bakanike. Giwa kuma, wadda saboda ita na je, kashinta kawai na gani.

Ɗan Bauchi: Hahaha, Auta ai ba gidan zu ba ne da za a ɗaure maka ita. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,000. Mai son ganin dabbobi ya bari sai Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole su gangaro bakin kogin Gaji shan ruwa. A Disamba za ku ga gwanki da ɓauna da gadu idan da rabo, amma giwa sai an dace. Ku bi fitar safe, kada ku tsaya sai rana ta take.

Maman Yara: To mu dai hutun makaranta ne ya ɗaure mu.

Kawu Direba: Ku je abinku, Wikki kaɗai ta isa. Daga Bauchi ku kama hanyar Gombe, a Dindima ku karya zuwa Mainamaji. Daga ƙofar shiga zuwa masauki akwai fiye da kilomita 40 cikin daji, don haka a cika tanki tun a Bauchi, a duba safaya. Ban yarda da tafiyar dare da iyali ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ja kunnen yara a kan birai. Ba su da kunya ko ta sisin kwabo. A gabana wani ya fizge ledar burodi a hannun wata yarinya, ya koma gefe yana ci yana kallonmu. Kada a bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe. Sannan akwai tsando, a guji baƙaƙen kaya da shuɗi, su yake bi.

Ɗan Bauchi: Hajiya kin manta masa. Wanda ya ratsa Bauchi bai ci masa da miyar taushe ba, asarar kuɗin mota ya yi. Ku kuma kai yara kabarin Tafawa Ɓalewa, su ji tarihin abin da ya faru a 1966.

Autan Zaure: Jos kuma ni dai ban more ba, sanyi ya hana ni sakat.

Hajiya Babba: Kai ne ka je da 'yar shara. Ni can nake cika but da dankalin Turawa da kabeji.

Maman Yara: Allah Ya saka da alheri. Kawu, ƙaramar mota za ta iya hanyar cikin dajin, ko sai mun nemi babba?

Kawu Direba: Zuwa masauki za ta kai ku. Zagayen kallon dabbobi kuma akwai motar masu kula da dajin, ana yi tare da ɗan rakiya.