Kibod mai gida biyu: da wanne sabon shiga zai fara?

Kibod mai gida biyu shi ne wanda aka raba biyu, ɓangare ɗaya ga kowane hannu. A shawarwarin da masu amfani da shi ke bayarwa, abin da aka fi nanatawa shi ne kada sabon shiga ya fara da samfurin Corne. Maɓallansa 42 ne kacal, babu layin lambobi, sai ka danna biyu kafin ka rubuta 7. Lily58 ko Sofle, masu maɓallai 58, sun fi saurin shiga hannu. Wanda kuma ba ya son koyon sabon tsari, aka ce ya duba Kinesis Freestyle2, don jerin haruffansa irin wanda aka saba ne.

Wani samfurin kuma, Moonlander, ya haura dala 300, ba kayan gwaji ba ne. Mafi arha shi ne ka sayi sassan wani kibod ɗin a warwatse ka haɗa, in dai hannunka ya iya aikin dalma.

Dabarar da ta fi burge ni: ka buga taswirar kibod ɗin a takarda daidai girmansa, ka ɗora yatsunka, ka ga ko ƙaramin yatsa yana kaiwa ba tare da miƙa ba. An kuma ja kunne: kada a zare wayar TRRS da ke haɗa ɓangarorin biyu alhali USB na jone, tana iya ƙona na'urar.