Lambar da mai ita bai taɓa gani ba: da wane suna za mu kira ta?

Jama'a, kalma ce ta tsaya mini a wuya. Ina fassara bayanin wani gwanjon lambobin yabo na sojojin ruwan Birtaniya, sai na ci karo da *posthumous*, wato lambar da aka ba mutum bayan ya rasu. Mu kan ce "an ba shi lambar yabo bayan rasuwarsa", yadda aka rubuta sa'ad da aka ba MKO Abiola GCFR, babbar lambar girmamawa ta Nijeriya, a 2018. Wannan jimla ce guda. A takardar gwanjo kuwa suna ake bukata, don masu tara lambobin sun ware wannan nau'i daban, kuma galibi ya fi tsada.

Ga misalin da ya sa na ƙi yin sakaci. Ran 8 ga Afrilu 1940, a tekun Norway, Gerard Roope yana jagorantar ƙaramin jirgin yaƙi Glowworm ya gamu da babban jirgin yaƙi Admiral Hipper na Jamus, wanda ya ninka shi girma. Da ya ga ba mafita, sai ya auka wa Hipper da jirginsa. Glowworm ya nutse, Roope ya rasu a ruwa. Kyaftin ɗin Jamus, Hellmuth Heye, ya tsaya ceto waɗanda suka tsira, daga baya ya aika da shaidar jarumtar abokin gabarsa ta hannun ƙungiyar Red Cross. Sai a 1945 aka sanar da ba Roope lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojojin Birtaniya. Matarsa ce ta karɓa.

Da na nemi shawara, wani ɗan'uwa ya ce a kira irin wannan lambar "lambar shahada". Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, shahada matsayi ne na addini, ba mu ne za mu liƙa ta a kan tagullar sarauniyar Ingila ba.

"Lambar mamaci" kuma ta yi faɗi. Duk lambar 1856, shekarar da aka ƙirƙiro Victoria Cross, yau ta mamaci ce, alhali masu ita sun rataya ta a ƙirji da ransu.

Wata Hajiya ta kawo "lambar ta'aziyya". Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin warware mini wata matsalar daban. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta aika wa iyalan sojojinta da suka mutu wani faifan tagulla mai faɗin tafin hannu, da sunan mamaci a kai, ba muƙami, kyaftin da ƙaramin matuƙi duk ɗaya. Wannan ta'aziyya ce ga iyali, sunanki ya dace da shi sarai. Ta Roope kuwa tasa ce, aikinsa aka yaba.

Sai wani malamin Hausa ya tuna mana da abin da ke bakinmu kullum: "ya bar wasiyya a yi kaza bayan ransa". Ya ce me zai hana "lambar bayan rai"?

Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Na gwada ta a jimla: "Kwamanda Loftus Jones na jirgin Shark, wanda ya faɗi a yaƙin Jutland a 1916, ya samu lambar bayan rai." Ta zauna daram. Jam'inta lambobin bayan rai, haka na sa a fassarar.