Dan Allah ina ake koya wa manya turanci kyauta a Bronx?

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema akan mai ɗakina. Wata 8 kenan da ta iso nan Bronx ita da yara biyu, ni na riga su zuwa da shekara 6, ina tuƙin tasi. Ba ta yi lakwal ba ko kaɗan amma ta sauke Alƙur'ani kuma tana rubuta ajami da kyau, boko ne kawai babu. Abin da ya tada min hankali, satin da ya wuce ta je asibiti ina wajen aiki, ɗanmu mai shekara 9 shi ya tsaya yana mata tafinta akan ciwon da ko ni sai da ta ji nauyin faɗa min, ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba. Ta ce tana son ta koya amma tana tsoron a sa ta aji ɗaya da masu ilimi a yi mata dariya. Ina ake zuwa, nawa ake biya, kuma ana tambayar takardu?

Maman Zango:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da ka damu da wannan, da yawa mazanmu sai dai su ce ai ga yara nan suna jin turanci. Ni daga Kumasi na zo, turancin kasuwa kawai nake ji ban iya karanta ko sunan titi ba, a laburare na fara. New York Public Library suna da ajin manya kyauta, sisi ba a biya, babban reshensu na nan shi ne Bronx Library Center da ke Kingsbridge Road dab da Fordham. Sai an fara zuwa zaman bayani an rubuta suna, sannan su yi mata ɗan gwaji, ki faɗi sunanki, me kike gani a hoton nan, irin haka, don su san ajin da ya dace da ita. Ni dai ba wanda ya ce in nuna girin kad ko fasfo.

Ka gaya musu tun farko cewa ba ta san baƙaƙen boko ba, kar ku ɓoye saboda kunya, in aka haɗa ta da wadda ta yi digiri a ƙasarsu turanci kawai ta rasa to za ta sare cikin sati biyu. Ranar da na fara hannuna rawa yake da fensir, ta gefena wata dattijuwa ce 'yar Bangaladash ta haura 60, ta ɗaya gefen 'yar Gini, duk kanmu ɗaya muke ba mai yi wa wani dariya. Kuma wadda ta iya ajami ai ta riga ta san harafi yana da sauti, kawai dai hannun ne zai koma daga hagu zuwa dama. Akwai wata baiwar Allah a ajinmu da take rubuta yadda ake furta kalma da ajami a ƙasan ta boko, wallahi ta fi mu saurin kamawa.

Ranar da na cike fom ɗin makarantar 'yata da kaina sai da na yi hawaye a gaban ofis ɗin.

Abu Hanif:
Kafin ma a kai ga aji, maganar asibitin nan a gyara ta yanzu. Haƙƙinta ne a ba ta tafinta kyauta, asibitocin New York doka ta ɗora musu wannan, ko da ta waya ne za su kira mai jin Hausa. Ka rubuta mata a 'yar takarda cewa tana buƙatar tafintan Hausa ta sa a jaka ta miƙa a teburin karɓar marasa lafiya, yaro bai kamata ya ji sirrin uwarsa ba kuma zai iya juya maganar magani ba da gangan ba.

Na biyu, ka kira 311, lambar neman bayani ta gwamnatin birni, ka ce kana neman ajin ESOL kusa da gidanku, haka ake kiran ajin, wasu wuraren ESL. In laburare ya cika, don yana cika kuma a jira zango na gaba, akwai cibiyoyin unguwa da ke yi. Akwai kuma We Speak NYC na gwamnatin birni, finafinai ne gajeru a intanet akan zuwa likita da makarantar yara, ta dinga kallo a waya. Ka tuna kuma da gaba, ranar intabiyun zama ɗan ƙasa sai ta amsa da baki, ta karanta jimla ɗaya cikin 3, ta rubuta ɗaya cikin 3. Cikin waɗanda ake ɗauke wa turancin akwai mai shekara 50 da ya yi 20 da girin kad, ko mai 55 da ya yi 15.

Direban Dare:
Ni gaskiya aji bai min ba, na je sau huɗu na bari, awa biyu zaune ga haya na jira. A mota da YouTube na koyi nawa.

Maman Zango:
Ɗan uwa kai kullum kana cikin fasinja, dole bakinka ya buɗe. Ita fa daga ɗaki sai kicin sai masallaci ranar Juma'a, kowa Hausa ko Zabarmanci yake mata, da wa za ta gwada? Waya ba ta gyara maka in ka yi kuskure. Malam mai tambaya, abin da ke kashe karatun mata a nan ba ƙwaƙwalwa ba ce, rashin mai riƙe yara ne, don ba a shiga aji da su. In za ka iya ka nema mata na safe lokacin da suke makaranta.

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka, maganar ajamin nan ta Hajiya ita ta fi faranta mata rai har ta ɗauko littafi. Ƙaramar ba ta shiga makaranta ba tukun, to zan daina fita da safe ranakun ajin in zauna da ita, in rama da dare. Takardar tafinta kuma na rubuta tun ɗazu tana cikin jakarta. Hajiya in ba damuwa, ranar rubuta suna ni zan iya shiga tare da ita ko a waje zan tsaya?